Yadda Ake Raba Gida da Kuɗin Cizo, Ɓera da Kyankyaso Ba Tare da An Cutar da Iyali Ba

A yawancin gidajenmu, da zarar an ga kyankyaso ya gilma a ɗakin girki, ko an wayi gari jikin yara duk shaidar cizo, abin da ake fara yi shi ne a aiki yaro ya sayo fiya-fiya. Sai a yayyafa shi a lunguna, a ja ƙofa, washegari a share gawarwakin ƙwari, hankalin kowa ya kwanta. Kafin a cika mako biyu abin ya dawo, wani lokaci har ya fi na farko yawa. Abin da ke jawo haka shi ne magani yana kashe ƙwaron da ya taɓa ne kawai, ba ya isa ga ƙwan da ke manne a cikin tsaga, kuma abinci da ruwa da maɓoyar da suka gayyato ƙwarin tun farko suna nan ba a taɓa su ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Saboda haka aikin da za a bayyana a nan ya fara ne da bincike da tsafta da toshe kafofi, magani kuwa sai daga ƙarshe kuma gwargwadon buƙata, domin gubar da ke kashe ƙwaro tana kashe ɗan Adam, kuma ta sha yin hakan a ɗakunan da aka kwana cikinsu bayan feshi.

Binciken farko

Dukkan waɗannan halittu uku da dare suke fita, don haka da dare ake sanin gaskiyar halin da gida yake ciki. A bari sai an kashe fitilu da kamar awa biyu, sannan a zaga da tocila a haska bayan firji, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, bakin masai, bayan buhunan hatsi da gefen katifa. Kafin a kwanta kuma a barbaɗa garin masara ko tankaɗaɗɗiyar toka a gindin bango da bakin ƙofar sito; da safe za a ga sawun ɓera da jan wutsiyarsa a kai, a gane ta inda yake shigowa da inda yake nufa. Wanda ya san hanya da maɓoya ya rage wa kansa rabin wahala da rabin kuɗi.

Kuɗin cizo

Shi ne mafi wahalar fitarwa, kuma shi ne aka fi ɓoyewa saboda kunya. Ya kamata a cire wannan kunya, domin jini yake sha, ba ruwansa da dauɗa ko tsafta, kuma yakan shigo ne a akwatin ɗalibin da ya dawo daga makarantar kwana, ko a jakar matafiyi, ko a kujera da katifa da tufafin gwanjo. Ba a same shi da yaɗa wata cuta ba, amma hana barci da ƙaiƙayi da gyambon da susa ke haifarwa a jikin yara sun isa a ɗauke shi da muhimmanci.

Sanin rayuwarsa shi ne mabuɗin aikin. Babbansa tsawonsa kamar milimita 5 ne, jikinsa a shafe yake har yana iya shiga tsagar da katin waya zai shiga. Macen tana yin ƙwai kaɗan-kaɗan kusan kullum, ta manne su a wurin da ido ba ya kaiwa, su ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10. Ɗan da ya fito yana saɓa sau biyar kafin ya girma, kowace saɓa sai ya sha jini, kuma a yanayi mai ɗumi yakan balaga cikin mako biyar ko makamancin haka. Babban yana iya yin watanni bai sha komai ba, shi ya sa kulle ɗaki a ƙaura na ɗan lokaci ba ya kashe shi. Abin da ba ya jurewa shi ne zafi: idan ya kai digiri 50 a ma'aunin Salshiyos kuma ya ɗan jima, babba da ƙarami da ƙwai duk suna mutuwa.

Mataki na farko shi ne a tabbatar da shi ne, domin cizon sauro da na ƙuma suna kama da nasa. A yaye zanin gado, a kama ɗinkin gefen katifa da yatsu biyu a buɗa shi, a bi shi da tocila daga kusurwa zuwa kusurwa. Abin da ake nema shi ne ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an ɗiga tawada, waɗanda kashinsa ne, da ɓawon saɓarsa mai haske, da ƙwai farare ƙanana da ke manne ba sa kakkaɓuwa. Idan aka goga jiƙaƙƙen tsumma a kan baƙin ɗigon ya narke ya yi ja-ja, to babu sauran shakka. Daga nan a ɗauki tsohon kati a zura a mahaɗar katakon gado, da ramukan ƙusa, da bayan allon kan gado, da ƙarƙashin ledar ɗaki, da saman labule, da ɗinkin gidan sauro, wanda mutane da yawa ke mantawa da shi.

Mataki na biyu shi ne kwashe kayan ɗakin ba tare da an yaɗa ƙwaron ba. Kada a rungumi zannuwa da tufafi a ratsa falo da su, domin a hanya yake zuba. A zuba komai a manyan ledoji a cikin ɗakin, a ɗaure baki, sai an kai tsakar gida a kwance. Su kuma masu ɗakin su ci gaba da kwana a cikinsa bayan an gyara, duk da cewa zuciya ba ta so, saboda idan suka koma wani ɗaki ƙwaron zai bi numfashinsu da ɗumin jikinsu ya same su a can, ɗaki ɗaya ya zama biyu.

Mataki na uku shi ne zafi. Zanin gado, rigar matashi, bargo, labule da duk tufafin da ke jure zafi a sa su a baho, a kwarara musu tafasasshen ruwa har ya shanye kansu, a rufe a bar su rabin awa, sannan a wanke a shanya. A nisanta yara daga wurin har a gama. Shadda da leshi da sauran kayan da ruwan zafi ke ɓatawa a bi su da dutsen guga ciki da bai, a daɗe a kan ɗinki da aljihu da wuya. Takalma, jakunkunan makaranta, gafaka da littattafai a sa su a baƙar leda, kada a cika ta, a ɗaure, a ajiye a kan siminti a tsakiyar rana daga hantsi zuwa la'asar, ana juyawa, kwana biyu ko uku a jere. Wannan dabara ta bazara ce, watannin Maris da Afrilu da Mayu. Da hunturu ko damina zafin ba ya kai abin da ake buƙata. Duk abin da aka gama a mayar da shi cikin sabuwar leda, kada ya koma ɗaki sai an kammala sauran aikin.

Mataki na huɗu shi ne gado da katifa. A kwance gadon gaba ɗaya, a fitar da shi waje, a kwarara tafasasshen ruwa a kowace mahaɗa da kowane rami, a goge da burushi mai ƙarfi don ƙwan ya ɓamɓare, a bar shi ya bushe, sannan a cike ramuka da tsagogi da gam ɗin kafinta ko fenti. Katifa kuwa shanya ta a rana kawai ba ta wadatarwa, domin soso mai kauri ne, ƙwaron yana gudu ya koma gefen da ke da sanyi. A goge ɗinkinta da burushi a waje, a ɗora ɗanyen tsumma a bi shi da dutsen guga don tururi ya ratsa, bayan ta bushe sarai a sa ta cikin leda mai kauri a liƙe bakin da salatif ta yadda babu kafa ko ɗaya. A bar ta a haka shekara guda ana shimfiɗa a kai. Abin da ke ciki ba zai fito ba, na waje ba zai shiga ba. Idan katifar ta riga ta yayyage har ƙwaron ya shige cikin soson, a haƙura da ita, amma a farfarke ta kafin a kai bola don kada wani mabuƙaci ya ɗauka ya kai wa iyalinsa.

Mataki na biyar shi ne ɗakin kansa. A ɗage leda ko kafet a share ƙarƙashi, a ƙone sharar nan take. A cike tsagogin bango da gindinsa da siminti, a cire kalanda da hotunan da ke rataye a duba bayansu. Idan aka mayar da gado, a janye shi daga bango kamar taƙi ɗaya, kada zani ko gidan sauro ya taɓa ƙasa, sannan a sa kowace ƙafar gado cikin gwangwani ko roba mai santsi da ɗan ruwan sabulu a ciki. Wannan yana tare masu hawowa, kuma kowace safiya yana nuna ko akwai saura.

Mataki na shida, wanda a kansa yawancin mutane ke faɗuwa, shi ne maimaitawa. Komai ƙwazon da aka yi, wasu ƙwai za su tsira. A sake bincike da ruwan zafi da guga bayan kwana 10, a kuma sakewa bayan wasu kwana 10, domin a kama sababbin ƙyanƙyasa kafin su isa yin nasu ƙwan. Ba a cewa an rabu da shi sai an yi mako shida ba a ga ɗigo ko cizo ba. A gidan haya kuma dole a yi magana da maƙwabta a sa rana ɗaya, domin yana bin tsagar bango da bututun wayar lantarki ya ratsa daga ɗaki zuwa ɗaki. Kalanzir da fetur da wasu ke shafa wa gado ba su da wuri a wannan aiki ko kaɗan. Tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara. Maganin feshi na gwangwani ma kuɗin cizo ya saba da irinsa a wurare da yawa, sau tari warwatsa shi kawai yake yi.

Ɓera

Ɓarnar ɓera ta wuce cin hatsi da yaga tufafi. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, don haka dole ya yi ta gwaguya, kuma wayar lantarkin da ke cikin silin tana cikin abin da yake gwaguya, abin da kan haifar da gobara cikin dare. Mafi muni shi ne zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Wani ɓera mai yawan nonuwa da yawan haihuwa ne ke ɗauke da cutar, yana zubar da ita a fitsari da kashi, mutum ya kamu ta abincin da ya gurɓata ko ƙurar da ya shaƙa. An fi samun ta da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, kuma Bauchi da Taraba suna cikin jihohin da take yawan ɓulla. Ba a iya bambance ɓera mai cutar da marar ita da ido, don haka kowane ɓera a ɗauke shi a matsayin mai ita.

A fara da yanke masa abinci. Shinkafa, gari, wake, gyaɗa da busasshen kifi su koma cikin durom ko bokiti mai murfi da ke rufuwa gam, domin buhu da kwali ba sa tare shi. Buhunan da ba su da mazubi a ɗora su a kan katako, a bar rata tsakaninsu da bango yadda za a iya zagayawa da tsintsiya. Kada kwanukan dare su kwana ba a wanke ba, kada sauran tuwo ya kwana a buɗe, randa da tulu su kasance a rufe, dusar dabbobi da tsabar kaji a kwashe ragowarsu kafin magariba. Shanyar hatsi ko rogo ko barkono a ƙasa, musamman a bakin titi, a daina ta. A shanya a kan abin da ke sama kuma a kwashe kafin rana ta faɗi. Juji ya yi nisa da ɗakuna, tarin itace da tarkacen da ke jingine da bango a ɗage su.

Sai a toshe kafofi. Ƙaramin ɓeran gida yana wucewa ta ramin da fensir zai shiga, babba kuwa ta wanda babban yatsa zai shiga. A duba inda bututun ruwa ya ratsa bango, bakin kwata, ƙarƙashin ƙofa, da tsakanin bango da kwanon rufi. Tsumma da takarda da katako duk yana cinye su. Abin da ke tsayar da shi shi ne siminti da aka kwaɓa da fasassun kwalabe, ko soson ƙarfe da aka cusa aka shafe da siminti, ko ragar waya mai ƙananan idanu. Ƙasan ƙofar katako a buga masa fallen kwano. Reshen bishiyar da ya taɓa rufi a sare shi, domin ɓeran silin ta nan yake hawa.

Bayan haka ne tarko zai yi amfani, tunda yunwa ta fara kama su. Ɓera ba ya son ratsa fili, gindin bango yake bi, don haka a ɗora tarkon a kan hanyar da garin masarar da aka barbaɗa ya nuna, bakinsa na kallon bango. Babban ɓera yana tsoron sabon abu, saboda haka a yi dare biyu ko uku ana sa abinci a tarkon ba a ɗana ba, sai ya saki jiki yana ci sannan a ɗana. Tunkuza ta fi komai kyau domin ba ta ɗaukuwa sai an lasa. Idan ƙuli-ƙuli ko kan kifi za a sa, a ɗaure shi da zare. Tarko ɗaya a gidan da ɓeraye suka yi yawa wasa ne, tunda macen ɓera cikinta mako uku ne kacal. A ɗana biyar ko shida a dare ɗaya. Gam ɗin ɓera yana kamawa, amma yana barin dabbar da rai tana fitsari tana fizge-fizge, wanda hakan ƙarin haɗari ne ga mai ɗauka. Kyanwa tana taimakawa, sai dai ba ta maye gurbin toshe rami.

Ɗaukar mushen da share kashin su ne wurin da aka fi yin sakaci. Kada a taɓa da hannu, kuma kada a share busasshen kashin ɓera da tsintsiya, domin ƙurar da ke tashi ita ce abin gudu. A buɗe tagogi na rabin awa, a sa safar hannu ko a zura hannu cikin leda, a rufe hanci da baki. A haɗa bilic irin su Hypo ko Jik, kashi 1 da ruwa kashi 9, a jiƙa mushen da kashin da wurin sosai, a jira minti 5, sannan a kwashe da takarda ko tsumman da za a jefar. A sa cikin leda biyu a binne da zurfi ko a ƙone, a wanke hannu da sabulu. Abincin da aka ga kashin ɓera a cikinsa a zubar, ko da zuciya na jin asarar. Yara kuma a hana su farautar ɓeraye da gasa su.

Shinkafar ɓera da sauran gubar da ake sayarwa a ƙulle cikin leda ba suna ba bayani, shawarata ita ce kada su shiga gidan da ke da yara ko kaji ko awaki. Suna kama da abinci, ɓeran da ya ci yakan mutu a cikin silin ya yi wari, kyanwar da ta ci mushen ita ma ta bi shi. Idan ɓarnar ta kai dole a sa guba, a sayi mai rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a sa ta cikin guntun bututu ko akwatin da hannun yaro ba zai shiga ba, a ƙirga wuraren da aka sa, a kwashe ragowar idan an gama.

Duk wanda ya yi zazzaɓin da bai ji maganin zazzaɓin cizon sauro ba, ga ciwon kai da ciwon maƙogwaro da kasala da amai, a kai shi asibiti da wuri a kuma faɗa wa likita cewa akwai ɓeraye a gidan. Alamomin Lassa kan bayyana tsakanin kwana 6 zuwa 21 da kamuwa, maganin ya fi aiki idan an fara shi a kwanakin farko, kuma mai juna biyu ta fi kowa shiga haɗari. Hukumar NCDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka a Najeriya tana da layin kira kyauta, 6232.

Kyankyaso

Iri biyu ne suka fi damun gidaje. Babban mai ja, wanda kan tashi sama, daga masai da sokawe da kwata yake fitowa ya bi ta kan kwanuka, ya kwaso ƙwayoyin cutar gudawa a ƙafafunsa. Ƙaramin mai layi biyu baƙaƙe a bayan kai a cikin ɗakin girki yake zaune, a injin firji da durowa da mahaɗar kabad, kuma ya fi saurin yaɗuwa domin kwanson ƙwansa ɗaya yana ɗauke da 'ya'ya 30 zuwa 40. Feshi ba ya ratsa wannan kwanso. Kashinsu da ɓawonsu kuma suna tayar da asma, musamman ga yara.

Kyankyaso yana iya yin makonni ba abinci, amma ba ya daɗewa ba ruwa, don haka a fara da gyara famfon da ke ɗiga, a tsane wurin wanke-wanke kafin a kwanta, a matse soso a rataye. A yi wa ramin masai murfin da ya zauna daidai, a ɗaura raga a bakin bututun iskarsa, a liƙe tsagar murfin sokawe, a sa raga a magudanar banɗaki. A fitar da kayan kabad, a wanke maiƙon da ya taru a bayan risho da gefen murhu, a zubar da tarin kwalaye da ledoji, duk kwanson da aka gani a murƙushe shi.

Maganin da ya fi aiki shi ne wanda suke ci su koma maɓoya su mutu, 'yan uwansu su ci gawar su ma su mutu. Akwai mai kama da man shafawa da ke zuwa cikin sirinji. Ana ɗiga shi ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar shinkafa a kusurwoyin kabad da bayan firji, wurare da yawa. Wanda bai samu ba ya nemi hodar borik asid, ya haɗa ta da sukari da fulawa daidai wa daida, ya ɗiga ruwa ya cura ƙananan dunƙule, ya tura su can inda yaro da kaza ba sa kaiwa, domin ita ma guba ce idan aka haɗiye ta. Kada a yi feshi kusa da wannan abinci, warin zai kore su daga ci. Sakamakon ba ya bayyana a dare ɗaya. A ba shi mako biyu zuwa uku, a sabunta wanda ya bushe ko ya ƙare.

Ƙwarin wake da hatsi

Wake yakan shigo gida da ƙwan ƙwaro tun daga gona, shi ya sa yake huhhujewa ko da an rufe shi. Zuba masa maganin gona babban ganganci ne, kuma saboda yawan sinadarin kashe ƙwari na DDVP da aka samu a cikinsa ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen waken Najeriya a 2015. Hanyar da ba ta da guba ita ce hana ƙwaron iska. A busar da waken sarai, a zuba a jarka mai tsabta a cika ta har wuya ana girgizawa, a rufe gam, kada a buɗe sai bayan wata biyu. Mai buhu-buhu ya nemi buhun PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu na arewacin Kamaru: leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa, ana matse iska a ɗaure kowace ɗaya daban. A duba kada ledar ta huje, kuma a nisanta buhun daga ɓera. Ɗan abin da za a ci a wata kuwa ana iya cakuɗa shi da tankaɗaɗɗiyar toka mudu da mudu, a wanke kafin dahuwa.

Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa hatsi a manyan sito kada ta kwana a gidan da mutane ke ciki, ko a ɗakin da ke jikin na kwana. Da ta ji danshin iska take sakin iskar guba mai ratsa tsagar bango, kuma babu maganin da ke karya ta.

Sauro da gara

Sauro daga ƙwai zuwa mai cizo kamar mako ɗaya ne zuwa kwana 10 a lokacin zafi, don haka a ware rana ɗaya kowane mako a kifar da gwangwanaye da tsofaffin tayoyi, a wanke mazuban ruwa, a buɗe kwatar da ta toshe. Sabon gidan sauro mai magani a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a fara kwana ciki, idan an wanke ma a inuwa ake shanya shi, kuma a ɗinke duk inda ya huje. Gara kuwa danshi da katakon da ya taɓa ƙasa take bi. Idan an ga hanyarta ta laka a jikin bango a kankare, a bi ta har inda ta fito, a gyara yoyon da ke jiƙa wurin, a ɗage kabad da akwatunan littattafai daga ƙasa. Idan ta kai ga katakon rufi, aikin ya wuce na mai gida, a kira masana.

Idan feshi ya zama dole

Fiya-fiya haɗin gida ne wanda ba a san ƙarfinsa ba, kuma akasari DDVP ne a cikinsa, sinadarin da ke cikin Sniper, wanda NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantunan gama-gari tun 2019. Maganin gona na gona ne. Wanda za a fesa a ɗaki ya zama an rubuta a jikinsa cewa na cikin gida ne, da lambar rajista da ranar lalacewa, kuma a bi ma'aunin da aka rubuta ba tare da ƙari ba. Idan mai feshi aka kira, a nemi ganin kwalbar da idanu, a tambaye shi awa nawa za a yi kafin a shiga da kuma ranar da zai dawo zagaye na biyu. Wanda ya ƙi nuna abin da zai fesa a sallame shi. A yi feshi da safe, a fitar da abinci da ruwan sha da kwanuka da kayan wasan yara, a fitar da jarirai da masu juna biyu da tsofaffi da masu asma da dabbobi. Kada a fesa a kan katifa ko matashi. Bayan lokacin da aka ƙayyade ya cika a buɗe ƙofofi da tagogi na awanni, a goge inda hannu ke taɓawa, kuma muddin ana jin wari kada kowa ya kwana a ciki. Ragowar magani ya zauna a kwalbarsa ta asali a wuri mai makulli, kada a juye shi a robar lemo ko ta ruwa, ita kuma kwalbar da ta ƙare a huda ta kafin a jefar.

Alamomin gubar irin su fiya-fiya su ne dalalar miyau, gumi mai yawa, hawaye, amai, gudawa, ƙanƙancewar ƙwayar ido, rawar tsoka da sarƙewar numfashi. Da an ga haka a fitar da mutum zuwa iska, a cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke fatarsa da ruwa da sabulu, ido kuma da ruwa mai yawa na minti 15. Idan sha ya yi, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri, domin suna iya faɗawa huhu su ƙara masa wata cutar. A kwantar da shi a gefensa, a garzaya asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi, saboda wata gubar ɓeran sai bayan kwanaki take fara sa zubar jini. A tafi da kwalbar ko ledar abin da ya sha, domin da ita likita zai san allurar da ta dace.